Jagora: Yadda Ake Auna Haɗarin Zaftarewar Ƙanƙara Kafin Fita Zamiya a Tsaunukan Alps

Tun da hunturu ya kama tambaya ɗaya ke ta dawo mini daga 'yan'uwa da karatu ko aiki ya kai Zurich, Innsbruck, Munich ko Grenoble. Abokan aiki sun gayyace su hawan dutse da ski, wato dogayen allunan da ake ɗaurawa a ƙafa a yi zamiya a kan ƙanƙara, kuma ba a filin da ake biyan kuɗin shiga ba. Can cikin tsauni ne, inda ba a gyara ƙanƙara, ba shinge, ba ma'aikacin da ya tashi da asuba ya sa nakiya ya zaftarar da abin da zai zaftare kafin mutane su iso. Suna so su san yadda ake gane ranar tafiya da ranar zaman gida.

Na ɗora bayanin a kan tsarin Suwizalan, amma Ostiriya, Faransa, Italiya da Jamus duk ma'auni ɗaya suke aiki da shi. A tsaunukan Alps kusan mutum 100 ne ke rasuwa duk shekara a zaftarewar ƙanƙara, kuma wajen tara cikin goma na waɗanda abin ya rutsa da su, su da kansu ko wani a ayarinsu ne ya tayar da ita. Ma'ana yawancin haɗarin yana wurin da ka zaɓi sa ƙafarka, kuma wannan zaɓin tun daren jiya ake yinsa, a ɗaki, da taswira.

1. Haɗa kaya uku

Na'urar neman wanda aka binne, sandar lalube, da shebur. Kowane mutum a ayari da nasa, ba a raba su tsakanin mutum biyu.

Na'urar idan ka shiga kanti a yankin masu Jamusanci LVS za ka ce, a Faransa DVA, a Italiya ARTVA. Duk suna aika sigina a kan mita ɗaya, kilohaz 457, don haka ta kamfanin Mammut tana jin ta Ortovox ko Pieps ko Arva. Ka sayi mai eriya uku. Sabuwa takan kama daga wajen yuro 250 zuwa 450. Sandar lalube kada ta gaza santimita 240, shebur kuma na ƙarfe, don ƙanƙarar da ta zaftare ta tsaya tauri take yi, na roba lanƙwashewa yake ko ya karye. Kowanne cikin biyun kan kai yuro 50 zuwa 100. Kantunan ƙauyukan tsauni suna ba da hayar ukun a haɗe, kuma ga mai gwaji na farko haya ta fi.

Hattara: kada ka sayi tsohuwar na'ura a hannun wani don araha. Masu eriya ɗaya sun tsufa da aikin, kuma akwai samfuran da kamfanoni suka janye daga kasuwa saboda matsala. Ɗan faifan RECCO da ake ɗinkawa a wasu riguna ma ba ya maye gurbinta. Sai ma'aikatan ceto sun zo da injinsu ake jinsa, kai kuma ba ka iya neman kowa da shi.

Jakar iska, wadda ake jan igiya ta kumbura a bayan mutum, tana rage binnewa ƙwarai. Tsadarta daga yuro 600 zuwa sama da 1,000. Ba ta hana a buga ka da itace ko dutse. Idan kuɗinka bai kai ka sayi jakar ka kuma biya kuɗin koyo ba, biya na koyo.

2. Koyi aiki da su kafin ranar

Ƙungiyoyin masu hawan tsauni, SAC a Suwizalan, DAV a Jamus, ÖAV a Ostiriya, suna shirya kwas na kwana ɗaya zuwa uku kowane hunturu, kuma mambobi suna samun ragi. Wanda ke Kanada ya nemi kwas ɗin AST 1, na Amurka AIARE 1. Filayen zamiya da yawa suna da wurin gwaji inda aka binne na'urori a ƙasa, ka je ka yi ta nema har hannunka ya saba. Abin da za ka karanta a nan ba ya maye gurbin wannan.

3. Karanta rahoton haɗari da ƙarfe 5 na yamma

Cibiyar binciken ƙanƙara ta SLF da ke Davos tana fitar da rahoto kullum da ƙarfe 5 na yamma, a tsakiyar hunturu kuma ta sabunta shi da ƙarfe 8 na safe. Yana shafinta da manhajar White Risk, da Jamusanci, Faransanci, Italiyanci da Turanci, kyauta. Tirol da Tirol ta Kudu da Trentino suna da rahoto ɗaya na haɗin gwiwa, a Faransa kuma Météo-France ke fitarwa.

Matakan haɗarin biyar ne, kuma tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da su. Na 1 kore ne, haɗari kaɗan. Na 2 rawaya, matsakaici. Na 3 ruwan lemo, babba. Na 4 ja. Na 5 ja da baƙi, ranar da ake rufe hanyoyi ana kwashe mutane daga gidaje.

Kuskuren da ya fi kashe mutane a nan yake. Baƙo ya ga 3 cikin 5 sai ya ce ai tsakiya ne. A ƙididdigar SLF, kusan rabin waɗanda suka mutu a mataki na 3 suka mutu, kusan kashi 30 cikin 100 kuma a mataki na 2. Mataki na 4 kowa na jin tsoronsa, yawanci ana zaune a gida. Na 3 kuwa yakan zo da rana mai haske da sabuwar ƙanƙara mai laushi, duk tsaunin yana kiranka. Haɗarin kuma ba hawa ɗaya ɗaya yake yi kamar matakalar bene ba, daga mataki zuwa na gaba ninkawa yake. Tun hunturun 2022/23 SLF ta ƙara alamomi a gefen lambar: 3+ yana kusa da 4, 3- yana kusa da 2.

Bayan lambar, fitar da abu uku ka rubuta a takarda:

Wane tsayi? Rahoton zai ce, misali, daga mita 2,200 zuwa sama.

Wace fuska? Akwai zanen da'ira mai nuna arewa, kudu, gabas da yamma, an yi wa ɓangarorin da haɗarin ya fi yawa baƙi. A tsakiyar hunturu gangaren da ke fuskantar arewa, arewa maso gabas da arewa maso yamma ne suka fi cin mutane, don rana ba ta taɓa su, ƙanƙararsu ba ta saurin haɗewa.

Wace matsala? Wannan sai da nasa mataki.

Hattara: rahoton na yanki ne mai faɗi, hasashe ne kuma. Bai san gangaren da kake tsaye a kai ba. Idan abin da ka tarar a tsauni ya fi abin da aka rubuta muni, idonka za ka bi.

4. Gane irin matsalar ranar

Ƙanƙarar da ke kan tsauni shimfiɗa-shimfiɗa ce, kowace zuba da tata. Zaftarewar da ke kashe masu ski tana buƙatar abu huɗu: shimfiɗar sama da ta haɗe ta zama daɓe, shimfiɗa mai rauni a ƙarƙashinta, gangare mai tsayuwa, da nauyin da zai fasa. Ka ɗauka an zuba daɓen siminti a kan tsabar gero, sannan aka karkata ƙasan. Muddin geron bai motsa ba daɓen na nan daram. Ya murƙushe a wuri ɗaya, tsagar ta bazu ƙarƙashin daɓen gaba ɗaya cikin daƙiƙa, ya taho da kai a tsakiyarsa. Busasshiyar zaftarewa takan wuce gudun kilomita 100 a awa.

Rahoton zai ambaci ɗaya ko biyu cikin matsaloli biyar, kuma kowacce da maganinta.

Sabuwar ƙanƙara. Idan ta sauka da iska mai ƙarfi da tsananin sanyi a kan tsohuwa mai santsi, santimita 10 zuwa 20 ma sun isa su zama haɗari. A yanayi matsakaici 20 zuwa 30, a mai kyau 30 zuwa 50. Maganinta jira, kwana ɗaya zuwa uku. Ranar farko da gari ya washe bayan zubar ƙanƙara tana cikin ranakun da aka fi yin haɗari, don ita ce ranar da kowa ya ƙosa ya fita.

Tarin iska. Iska na kwashe ƙanƙara daga gefen da take bugawa ta jibge ta a bayan doron tsauni, cikin kwaruruka da lunguna. Ko ba a yi sabuwar zuba ba tana iya gina daɓe cikin sa'o'i. Wannan ana iya ganinta da ido: gefe ɗaya a share har duwatsu sun fito, ɗaya gefen a cike sumul kamar an shafe. Kewaye ta za ka yi.

Tsohon rauni a ƙasa. Wannan ce muguwar. Idan ƙanƙara ba ta da kauri kuma aka daɗe ana sanyi ba gajimare, ƙwayoyin ciki sukan rikiɗe su zama tsaba-tsaba marasa haɗewa. Haka ma raɓar da ta daskare a sama a daren sanyi, idan sabuwar zuba ta rufe ta. Raunin yakan zauna makonni, wani lokaci duk hunturun, kuma ba abin da za ka gani daga sama. Ana iya tayar da ita daga nesa, kana tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri gangaren da ke samanka ya ɓalle. Yankunan can cikin tsauni masu ƙarancin zuba, irin su sassan Graubünden da Valais, sun yi suna da ita. Ƙwararru ma ba sa wasa da wannan. Idan rahoto ya ambace ta, ka rage tsayuwar gangaren da za ka bi, ko lambar ta ce 2.

Jiƙaƙƙiyar ƙanƙara. Ruwan sama ko zafin rana na watannin Maris zuwa Mayu. Maganinta agogo. Idan dare ya yi garau ba gajimare, saman ya daskare ya yi ɓawon da zai ɗauke ka, sai a fita tun duhu a dawo kafin azahar. Gangaren gabas ke fara narkewa, sai kudu, sai yamma. Idan daren ya kwana da gajimare bai daskare ba, an fasa tafiya.

Sulɓewar gaba ɗaya. Duk kaurin ƙanƙarar na jan ciki a kan ciyawa ko dutse mai santsi, sai ka ga tsaga ta buɗe baki har ƙasa ta bayyana. Ba mai iya cewa yaushe za ta tafi. Kada ka tsaya ƙarƙashinta, ko don ɗaukar hoto.

5. Zana hanya, ka auna kowane gangare

Wannan ne matakin da na fi so mai karatu ya riƙe, don shi kaɗai ne ke hannunka ɗari bisa ɗari. Daɓen ƙanƙara kusan ba ya ɓallewa a gangaren da bai kai digiri 30 ba. Mafi yawan zaftarewar da mutane ke tayarwa tsakanin digiri 35 da 45 suke faruwa, wato daidai tsayuwar da ta fi daɗin zamiya. Ba ka da iko da iska, ba ka ganin abin da ke ƙarƙashin ƙafarka, amma tsayuwar gangare lamba ce da ke rubuce a taswira tun kafin ka bar gida.

Buɗe taswirar swisstopo, hukumar taswira ta Suwizalan, kyauta ce a intanet da manhaja, ka kunna shafin da ke yi wa duk wurin da ya kai digiri 30 launi. Ka bi hanyarka da yatsa daga mota zuwa ƙololuwa, ka dawo. Duk inda ta shiga launi, ko ta bi ta ƙarƙashinsa, ka sa alama. Waɗannan su ne wuraren yanke shawara. A kowanne ka tambayi kanka tsayinsa nawa, ina yake fuskanta, kuma yana cikin ɓangaren da rahoto ya yi wa baƙi ko a'a.

Ƙa'idar da Werner Munter, jagoran tsauni ɗan Suwizalan, ya yaɗa a shekarun 1990 ita ce a haɗa lambar haɗari da tsayuwar gangare. A sauƙaƙe: a mataki na 2 kada a kai digiri 40, a na 3 kada a kai 35, a na 4 kada a kai 30. Wannan na masu gogewa ne. Sabon shiga ya rage: ƙasa da 35 a mataki na 2, ƙasa da 30 a na 3, a na 4 kuma ya tsaya a filin da aka gyara. Ni a ganina wanda bai taso da ƙanƙara ba ya yi hunturunsa na farko duka ƙasa da digiri 30, ko lambar nawa ce. Akwai hanyoyi masu kyau da yawa a wannan iyaka, ba a rasa komai ba.

Hattara: wurin da ya fi tsayuwa ake aunawa, ba matsakaicin gangaren ba. Kuma yadda lamba ke hawa haka faɗin abin da za ka duba ke ƙaruwa. A mataki na 2 ka duba wajen mita 20 kewaye da sawunka. A na 3 duk gangaren ne, har abin da ke can samanka. Mutane sun mutu a kan hanya mai faɗi a gindin kwari saboda ba su ɗaga kai ba.

Ka duba kuma abin da ke ƙasa. Ƙaramar zaftarewa da za ta watse a buɗaɗɗen fili tana iya binne mutum mita uku idan ta zuba cikin kwarin rafi. Itatuwa, gaɓar dutse da tafki duk suna mayar da ƙaramin haɗari babba.

Shafin Skitourenguru, kyauta shi ma, yana haɗa rahoton ranar da taswira ya jera hanyoyi da launin kore, ruwan lemo da ja. Ka zaɓa cikin kore, amma ka sake bin ta da idonka. Sannan ka tanadi hanya ta biyu mai sauƙi a yanki ɗaya, ka sa lokacin juyawa. Sabon shiga ya lissafa hawan mita 300 a awa.

6. San da wa za ka tafi

Ayarin mutum uku zuwa biyar ya fi. Ka tambaya tun kafin ranar: wa ke jagoranci, wa ya yi kwas, kowa na da kayan nan uku? Jagora mai lasisin ƙasa da ƙasa na IFMGA kuɗinsa a Suwizalan yakan haura faran 600 a rana, amma idan aka raba shi tsakanin mutum biyar ya zo da sauƙi.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Mun taso da kara, baƙo ba ya musu da mai masauki, ƙarami ba ya gyara wa babba. Aka ce baƙo ko da ido makaho ne, sai mutum ya ja bakinsa ya bi sahu. Amma iya zamiya daban, iya karanta ƙanƙara daban, kuma abokin aikin da aka haifa a gindin tsauni ba lallai ya san na biyun ba. Ian McCammon, wani mai bincike a Amurka, ya bi diddigin haɗurra ɗaruruwa a farkon shekarun 2000, ya nuna cewa masu ilimin ma sukan faɗa saboda sabo da wuri, da naci a kan abin da aka riga aka shirya, da bin wanda ake ganin gwani ne, da rige-rigen sabuwar ƙanƙara. Ku yi yarjejeniya tun a mota: mutum ɗaya ya ce a juya, an juya, ba sai ya kawo hujja ba.

7. Da safe, kafin a ɗaga ƙafa

Duba sabon rahoton ƙarfe 8 idan lokaci ya ba da dama. Rataya na'urar a jiki da ɗamararta, ƙarƙashin rigar sama, ko cikin aljihun wando mai zif wanda aka ɗinka a ciki. Ba a sa ta a jakar baya, don zaftarewa na iya fizge jakar. Batir na alkalin ko irin wanda kamfanin ya ce, ban da mai caji.

A yi gwajin ayari: mutum ɗaya ya sa tasa a nema, sauran su wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya da tazara, ya tabbatar yana jin kowa. Sannan shi ma ya mayar da tasa kan aikawa, wani ya duba ya gani. A nan ake yawan mantuwa.

Hattara: waya, agogon zamani, kyamara da safar hannu mai batir suna rikita siginar. Tazarar santimita 20 tsakaninsu da na'urar lokacin tafiya, 50 lokacin nema.

8. A hanya, kunne da ido

Alamomi huɗu ne, ko ɗaya ka gani ya isa. Sabuwar zaftarewa a gangaren da ya yi kama da naka. Ƙarar "wum" a ƙarƙashinka, kamar ƙasa ta nisa ta ɗan zauna, wato shimfiɗar rauni ce ta murƙushe. Tsaga da ke gudu daga kan ski ɗinka zuwa gaba. Da ƙanƙarar da ta jiƙe har ƙafa na nutsewa zuwa gwiwa. Duk wanda ya bayyana, a koma ƙasa da digiri 30 a kuma nisanci gindin manyan gangare. Rashinsu kuwa ba shaidar lafiya ba ne, musamman ranar tsohon rauni.

Ka riƙa fita daga sawun da aka riga aka taka kana taka sabon wuri a inda ba haɗari, don a kan tsohon sawu ba za ka ji komai ba. Idan hazo ya rufe har ba ka ganin abin da ke samanka, ba ka da hanyar aunawa, sai a juya.

Auna tsayuwa da sandunanka biyu na ski. Kwantar da ɗaya a kan ƙanƙara tana kallon gangare, tsininta a sama, ta bar shaida. Ɗaga mariƙin, tsinin na nan a wurinsa, ka haɗa shi da mariƙin ta biyu, ka bar ta biyun ta rataya a miƙe har ta taɓa ƙasa. Idan ta sauka daidai ƙarshen shaidar, digiri 30 ne. Idan ta sauka gaba da ƙarshen shaidar ta gangare, ya fi haka, kowane santimita 10 wajen digiri 3. Wata alamar: inda juyawa a hawa ta gagara sai ka tsaya ka ɗaga ƙafa ka juya ski ɗaya bayan ɗaya, an kai wajen 30.

A kan doron tsauni ka nisanci baki. Iska na gina leɓen ƙanƙara da ke rataye ba komai a ƙarƙashinsa, kuma yakan karye can baya da inda ake zato.

Tono rami don duba shimfiɗu yana da amfani wajen koyo. Amma sakamakon rami ɗaya dalilin fasawa ne kawai, ba ya zama izinin shiga gangaren da rahoto ya hana.

9. A bakin gangaren da ka sa wa alama

Ku tsaya a wuri mai aminci ku yi magana kafin kowa ya shiga. Sawun wasu a kan gangare ba ya nufin komai, sau da yawa mutum na biyar ko na goma ne ke taka wurin da daɓen ya fi siriri. Idan an yarda a wuce, a hawa a bar tazarar mita 10 ko fiye. A sauka mutum ɗaya ɗaya, sauran na kallonsa daga gefe. Cire hannu daga igiyar sanda. Wurin haɗuwa ya zama can gefe ko kan tudu, ba a tsakiyar gindin gangaren ba. Kada ka ratsa saman wani ayari.

10. Idan ta zaftare

Idan kai ta ɗauka, yi ihu, gwada ficewa ta gefe, ja igiyar jakar iska nan take, saki sanduna, yi ta fafutukar zama a sama. Da ka ji tana rage gudu, kawo hannuwa gaban fuska don ka samu ɗan sararin numfashi. Tana tsayawa take ƙanƙamewa, ko yatsa ba za ka iya motsawa ba.

Idan kai ne a waje, agogo ya fara. Ƙididdigar Suwizalan ta nuna cewa wanda aka tono cikin minti 15 na farko, wajen tara cikin goma suna rayuwa, zuwa minti 35 kuwa abin ya faɗo wajen uku cikin goma. Binciken baya-bayan nan ma ya matso da iyakar zuwa minti 10. Yarima Friso na Holan ya yi kusan minti 25 a binne a Lech ta Ostiriya a watan Fabrairun 2012, ranar da haɗari ke mataki na 4, kusa da filin da ke da ma'aikatan ceto. An fito da shi, amma rashin iska ya riga ya lalata ƙwaƙwalwa, ya rasu a Agustan 2013. Jirgi mai saukar ungulu da wuya ya iso cikin wannan lokaci. Abokan tafiya ne ke ceto.

Ga jerin aikin. Riƙe wurin da aka yi masa ganin ƙarshe, ƙasa da nan za a nema. Mutum ɗaya ya ɗauki jagoranci, ya ƙirga mutum nawa suka ɓace, ya duba ko akwai sauran abin da zai zubo. Kowa ya mayar da na'urarsa kan nema, don ɗaya da aka bari tana aikawa za ta sa a yi ta bin mai rai. Wani ya kira 1414, lambar Rega, ƙungiyar ceto da jirgi ta Suwizalan, ko 144 a Valais, 140 a Ostiriya, 112 ko'ina a Turai. Idan kai kaɗai ne kuma ba sabis, nema za ka fara, kada ka tafi neman taimako.

Yi sauri a kan tarkacen kana duba safar hannu ko ski da ya leƙo, har sigina ta kama. Bi kibiya muddin lamba na raguwa. Daga mita 10 rage gudu. Daga mita 3 sauke na'urar dab da ƙanƙara, ja ta gaba da baya, dama da hagu, ba tare da juya ta ba, har ka sami lamba mafi ƙanƙanta. Soka sandar lalube a nan, ta yi kusurwar digiri 90 da fuskar gangaren, kana zagayawa waje da tazarar santimita 25. Ka ji taushin jiki, bar sandar a wurin.

Tono ne ke cinye lokaci. Wanda ke zurfin mita ɗaya sai an kwashe ƙanƙarar da ta kai tan guda ko fiye. Kada ka tsaya a kansa. Koma ta ƙasan sandar, kamar tsawon zurfin sau ɗaya da rabi, ka tona kana shiga ta gefe. Idan kuna da yawa ku jeru, na gaba na sara, na baya na turawa, ana canji akai-akai kafin na gaba ya gaji. Fuska ake fara nema. Share baki da hanci. Idan ba ya numfashi, hura masa iska sau biyar sannan a shiga danna ƙirji. Idan yana numfashi, a motsa shi a hankali, a raba shi da ƙanƙara da jaka ko riga, a lulluɓe shi, kada a sa shi tafiya. Idan akwai wani a binne, kashe na'urar wanda aka tono.

Kuɗin ceto da jirgi yakan kai dubban faran. Ka duba inshorarka tun kafin hunturu ko ta ɗauki wannan. Gudummawar Rega faran 40 ce a shekara ga babban mutum. Ba inshora ba ce, amma sukan yafe wa masu ba da ita abin da inshora ba ta biya ba.

Idan kuma kun tayar da zaftarewa ba wanda ta taɓa, ku kira ku faɗa duk da haka, da wurin da lokacin. In ba haka ba wani zai hango tarkacen da sawun ski na shiga cikinsa, a tashi jirgi da karnuka a zo neman mutumin da yake gida. Manhajar White Risk tana da wurin aika wa SLF hoto da bayanin abin da kuka gani, kuma da irin waɗannan saƙonni ake gyara rahoton ƙarfe 5.